Daga Fadar Kawsan Zuwa Sorayen Tsiga: A Bar Baƙo Ya Biya Kuɗin Yaɓe

A tsakiyar birnin Agadas, daura da Babban Masallacin nan mai hasumiyar ƙasa da tsawonta ya kai mita 27, akwai wani gini da matafiya suka daɗe suna kwana a cikinsa suna biyan kuɗi. Sunansa Hôtel de l'Aïr. Asalinsa fada ce da aka gina wa Kawsan, jagoran Abzinawan da suka tayar wa Faransa a ƙarshen 1916, suka yi wa barikin sojanta na Agadas ƙawanya har zuwa watan Maris na 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Yaƙin ya ƙare da mummunar ramuwar gayya a kan mutanen garin, shi kuma Kawsan aka kashe shi a kudancin Libiya a 1919. Fadar ba ta bi shi ba. Babban zaurenta mai bakan gizo ya koma ɗakin cin abinci, saman soronta ya zama wurin da baƙi ke zama suna kallon hasumiya, kuma lokacin da hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, ginin yana cikin waɗanda aka ambata.

Wannan otal ba na ƙasaita ba ne irin na Abuja ko Dubai. Amma ya amsa wata tambaya da ke jiran mutanen kudancin Katsina: idan aikin da aka gina gida dominsa ya ƙare, wa zai riƙa share rufinsa, kuma daga aljihun wa kuɗin yaɓe zai fito?

Tsiga, a ƙaramar hukumar Bakori, ba ta da ganuwar dutse mai hasumiyoyi irin na sarakunan Turai. Dukiyar yankin ta gini ƙasa ce. Daga tsohon garin Maska, wanda ya yi suna da saƙa da rini tun kafin a san Funtuwa, zuwa Gozaki ta ƙasar Kafur, zuwa Malumfashi ta Galadiman Katsina da Bakori ta Makama, abin da kakanni suka bari shi ne soraye da zauruka da shigifa, da gidajen dagatai da na malamai da na attajiran auduga. A kan wannan aka ƙara wani sabon rukuni a zamanin Turawa: layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuma tare da su aka samu tasha da kantuna da ɗakunan ajiya da gidajen ma'aikata. Auduga ta ja baya, jirgi ya daina zirga-zirgar da aka saba, gine-gine da yawa suka rasa abin yi.

Yadda tsohon gida ke mutuwa a wannan yanki sananne ne. Maigida ya rasu, magada sun yi yawa, rabinsu suna Kaduna da Kano da Abuja. Babu wanda gidan yake nasa shi kaɗai, saboda haka babu wanda ɗawainiyarsa take wuyansa. Indararo ya toshe a damina ɗaya, ruwa ya kwanta a kan rufi. A damina ta biyu azara ta jiƙe, gara ta samu ƙofa. A ta uku soro ya rufta, sai a kira dillali, a raba kuɗi, a jera shagunan bulo masu rufin kwano a wurin. Babu mugu a cikin wannan labari. Magajin da ke fafutukar kuɗin taki da kuɗin makarantar yara ba za a zarge shi don bai kashe abin hannunsa a kan zauren da ba ya kawo ko sisi ba.

Ruwan sama kuma ba ya sassauta wa kudancin Katsina. Abin da ke sauka a Funtuwa a shekara yakan kai milimita 1,000, alhali na Agadas bai kai 200 ba. Ginin da zai jure sakacin shekaru a bakin hamada, a Tsiga damina biyu ko uku sun ishe shi.

Magina na dā sun san da haka, shi ya sa ginin ƙasa na Hausa yake tafe da tsarin kulawa. Ana ɗora tubali, a yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika iya mata ba, a yi yaɓe, sannan a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Inda ruwa ya fi duka, kamar saman soro da zankwaye, a sa laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Kowane sashe na wannan aiki yana rataye da wata sana'a: sai marina na aiki ake samun katsi, sai majema na jima ake samun gashi, sai ɗorawa na tsaye a gona ake samun makuba. Da kaka ta wuce, a duba bango a toshe tsaga, kafin bazara a share rufi. Aiki ne na kowace shekara, kuma kowace shekara yana cin kuɗi.

Kasancewar mutane a cikin gini ma bai wadatar ba in babu gwani mai dubawa da kuɗin gyara. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, wanda masana gini na duniya ke zuwa kallon bakan gizonsa, ba a taɓa ƙaurace masa ba. Duk da haka a ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram, na ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwa mai yawa. Idan masallatan da dubban mutane ke ƙauna sun kai ga haka, gidan dagacin da aka kulle da kwaɗo ba shi da wani fata.

Hanyar da hukumomi suka fi sani ita ce gidan tarihi. Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Rumfa, ya zama haka. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, shi ma ya zama haka. A Katsina, tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa, tana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Wannan ya dace da gine-ginen da suka kai wannan daraja, kuma ya kamata a ci gaba da ba su haƙƙinsu. Amma gidan tarihi yana jiran kasafin gwamnati ne, kuɗin shiga da ɗaliban firamare ke biya ba ya sayen azara. Jiha ɗaya ba za ta iya riƙe gidajen tarihi hamsin ba. Sauran gidajen fa?

Nan ne batun masauki yake shigowa, kuma ƙasashe da yawa sun riga sun gwada shi. Sifen ta fara tsarin Paradores a 1928: kamfani ne na gwamnati da ke gudanar da otal kusan ɗari, da yawansu a cikin tsofaffin ganuwoyi da fadoji da gidajen ibada, har da ɗaya a cikin harabar Alhambra ta Garnaɗa. Ginin yana nan a hannun ƙasa, baƙi ke biyan kuɗin kula da shi. A Indiya, Sarkin Jaipur ya mayar da fadar Rambagh otal a 1957, kuma bayan gwamnatin Indira Gandhi ta soke albashin sarakuna a 1971, gidajen sarauta da yawa suka bi sahu don kada fadojinsu su zube. Fadar Umaid Bhawan ta Jodhpur an kasa ta uku: iyalin sarki suna zaune a sashe ɗaya, sashe ɗaya gidan tarihi ne da kowa ke shiga, na ukun otal. A Neemrana kuwa, kango ne wasu 'yan kasuwa suka saya a 1986, suka yi shekara biyar suna gyara, suka buɗe a 1991 da 'yan ɗakuna kaɗan, sannan suka riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Misalin da ya fi kusa da zuciyar mai karatu na Hausa yana Saudiyya. A tsohon garin Al-Ula an gyara wasu gidajen ƙasa da aka ƙaurace wa, aka mayar da su masauki mai ɗakuna 30 mai suna Dar Tantora, da kayan gini irin na asali. A 2022 asusun zuba jari na ƙasar ya kafa kamfani musamman don mayar da tsofaffin fadoji otal, har da Jan Fada ta Riyad da fadar Al-Hamra ta Jidda. Ƙasar da take da kuɗin gina duk abin da ta so da gilashi da ƙarfe ta gano cewa masu hannu da shuni suna biyan kuɗi mai tsoka don su kwana tsakanin bangayen laka. A nan kuwa har yanzu ana ganin ginin ƙasa alamar rashi ne, mutum na samun kuɗin masara sai ya rushe soron ubansa.

Misalin Saudiyya yana kuma amsa wani ƙorafi na gaskiya. A kunnen mutane da yawa a ƙasar Hausa, otal wuri ne na giya da baɗala, kuma dattijon da zai ƙi a mayar da gidan kakansa irin wannan wuri yana da hujja. Sai dai saukar baƙo a karɓi lada tsohuwar sana'ar Hausawa ce. Ayarin fatake yana da zango, kowane babban gari yana da fatoma, mai masaukin da ke ba ɗan kasuwa ɗaki da abinci da wurin ajiyar kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Daga Kano zuwa Salaga da Kumasi, a kan wannan tsari cinikin goro ya tsaya. Masaukin da ba a sayar da giya, mai masallaci a ƙofa da sashen iyali daban, ba baƙon abu ba ne a Katsina.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne wajen kwaikwayon kalmar ƙasaita ido rufe. Otal ɗin ƙasaita yana rayuwa ne da baƙon da zai hau jirgi daga nesa don shaƙatawa, kuma Agadas ɗin da ta ba da misalin farko ita ce ke ba da gargaɗi. A shekarun 1980 garin yana cika da Turawa masu yawon hamada, gasar motoci ta Paris zuwa Dakar tana bi ta nan. Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a watan Satumba na 2010, suka tsayar da wannan kasuwa cik. Masu masaukai da masu jagorar baƙi da maƙeran azurfa suka wayi gari babu ciniki, kuma shigar garin jerin UNESCO ba ta dawo da jiragen ba.

Halin da kudancin Katsina ke ciki bai ɓuya ga kowa ba. A watan Disamba na 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara. A watan Fabrairu na 2025 'yan bindiga suka shiga Tsiga kanta cikin dare suka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, ya shafe kusan wata biyu a hannunsu. Duk wanda ya zo wa mutanen garin da zanen otal mai wurin wanka da ɗakin dala ɗari biyar, yana cewa baƙi za su zo daga Turai, bai mutunta abin da suka gani ba. Tsaron rai yana gaba da komai, kuma babu mai gardama a kan wannan.

Amma damina ba za ta jira a gama da 'yan bindiga ba, kuma yankin bai taɓa rasa baƙi ba. Baƙinsa dai ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Da kaka, manyan motoci suna layi a kasuwannin Dandume da Bakori da Funtuwa, masu sayen masara da waken suya da shinkafa suna zuwa daga kudu da kuma Nijar. Akwai wakilan kamfanonin iri da taki da abincin kaji. Akwai tashar tsandauri ta Funtuwa da aka ƙaddamar a 2024. Akwai malaman aikin gona da masu bincike daga Jami'ar Dutsin-Ma da ta Ahmadu Bello, wadda ta saba da yankin tun shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970. Sannan akwai 'ya'yan gari da ke dawowa da iyalansu sallah da ɗaurin aure da ta'aziyya, su tarar ɗakunan gida ba su isa ba. Waɗannan duka suna neman ɗaki mai tsabta da ruwa da natsuwa, kuma suna iya biya. Da yawansu a yanzu sukan gama harkarsu su kama hanyar Zariya don su kwana.

Ga irin wannan baƙo, ginin ƙasa yana da wata fa'ida da ake iya lissafawa da naira. Bango mai kauri yana jinkirta zafin rana, ɗaki ya kasance da sanyi a watan Afrilu, da ɗumi a lokacin hunturu. Mai masaukin bulo da kwano sai ya ƙona man janareta ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Mai soro fanka da 'yan faifan sola sun ishe shi. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas, wannan bambanci shi ne riba.

Saboda haka abin da ya dace da yankin ƙarami ne: ɗakuna takwas ko goma sha biyu a cikin gidan da ya riga ya rasa aikinsa, a farashin da ɗan kasuwar hatsi zai iya biya, a fara daga inda hanya da jami'an tsaro suka fi kusa, wato Funtuwa da Malumfashi da Bakori. Gidajen zamanin auduga da na layin dogo su ne mafi sauƙin farawa, domin ba su da nauyin sarauta. Fadar da hakimi ke zaune yana sauraron talakawa tana kan aikinta, ba ta cikin wannan magana. Masallaci da maƙabarta da hubbaren malamai su ma ba sa ciki, komai kuɗin da aka zo da shi. Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu na kowa ne, kuma haka za su zauna.

Akwai hanyar da gyara ke kashe gini fiye da sakaci, kuma an ga hakan a ƙofofin birane da dama da aka rushe aka sake yi da kankare, aka shafa musu jan fenti. Siminti a kan bangon ƙasa yana kulle laima a ciki. Daga waje bango yana sheƙi, daga ciki yana ruɓewa, har ranar da zai zame gaba ɗaya. Famfo da banɗaki su ne babban haɗari, domin ɗigon bututu ɗaya da ba a gani ba yana iya cinye gindin soro. Mai gyara na ƙwarai yakan ware banɗakuna a sabon gini daban, ko ya bar bututu a fili inda ido zai kai gare shi, ya janye ruwan wanka nesa da tushe. Ba ya fasa bango don faɗaɗa taga, ba ya cire azara ya zuba dakin. Kuma shugaban aikin magini ne da ya gaji sana'ar, injiniya yana taimaka masa, domin wanda ya san yadda ake ɗaurin guga shi ya san abin da rufin zai iya ɗauka.

Batun mallaka ma yana bukatar tsayuwa. Sayar da gidan gado ga attajiri ɗaya yana raba dangi da asalinsu har abada, kuma gobe yana iya rushewa in ya ga shaguna sun fi kawo kuɗi. Haya ta tsawon shekaru ta fi: gidan yana nan da sunan magada, a rubuta a gaban alƙali da hakimi cewa ba za a rushe ko a sauya fasali ba, a ware wani kaso na kuɗin kowane ɗaki don yaɓen shekara kafin kowa ya taɓa riba. Iyalin da suke so suna iya mayar da gidan waƙafi, abin da ya rage bayan gyara ya tafi ga makarantar allo ko marayun zuriya. Shari'a ta san wannan tsari, kuma ya fi dacewa da gidan da ke da magada arba'in fiye da rabon da zai ba kowa abin da ba zai kai shi ko'ina ba.

Sharaɗi ɗaya kuma bai kamata a yi ciniki a kansa ba: zaure ya zauna a buɗe. A ƙasar Hausa zaure ne inda gida ke haɗuwa da gari, nan ake ɗaurin aure, nan ake raɗin suna, nan almajiri da baƙo ke fakewa. Masaukin da ya sa maigadi ya hana jikokin unguwa ganin zanen da ke bangon zauren kakanninsu ya ƙwace musu tarihi ko da ya adana ginin. Tsarin Jodhpur, na ware sashen da kowa zai shiga, ana iya yin sa a ƙaramin gida: zaure da shigifa na jama'a da ɗaliban makaranta, cikin gida na baƙi.

Gwamnatin jiha ba ta bukatar zama mai otal, kuma tarihin otal-otal na gwamnati a Arewa bai ƙarfafa gwiwar a sake gwadawa ba. Aikinta uku ne. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, tare da sassan tarihi da na zanen gini na jami'o'i, za ta iya bi gunduma gunduma ta rubuta gidajen da suka rage, da hotonsu da sunan zuriyar da ke riƙe da su, da taimakon hakimai da dagatai waɗanda suka san kowane lungu. Za ta iya sassauta haraji da kuɗin takardu ga wanda ya gyara da ƙasa da makuba. Mafi gaggawa shi ne magina. Waɗanda suka iya ɗaura bakan gizo da haɗa laso sun tsufa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo domin a nan ake biya. Kwalejojin fasaha na jihar suna iya ɗaukar waɗannan dattawa a matsayin malamai masu albashi, a ba su samari goma ko ashirin daga Tsiga da Bakori da Kafur, a kuma ba su gida ɗaya na gaske su yi aikin koyo a kansa daga kaka zuwa bazara, lokacin da ƙasa ke bushewa kuma hannun noma ya samu sarari.